Ɗalibin Jami'a da Amincewar Iyayensa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ajiye kyautata wa iyaye daura da kaɗaita Shi da bauta. Tsira da aminci su tabbata ga wanda mutanen Makka suka laƙaba wa suna Amintacce tun kafin a aiko shi, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƴaƴanmu da ƙannenmu waɗanda Allah Ya ba su nasarar cin jarrabawar bakaloriya, suka ɗaure kaya suka nufi jami'a. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wani kuka da muke yawan ji daga ɓangarori biyu. Ɗalibi yana cewa ya girma har ya tara gemu, amma ba a ba shi ko dala sai an yi masa tambaya kamar ta kabari. Uba kuma yana cewa tun ranar da yaron nan ya hau mota bai ƙara sanin cikinsa ba. Kowane daga cikinsu yana ganin shi aka ƙwara.

Kafin mu ga laifin iyaye, ya kamata mu tsaya inda suke tsaye. Shekaru masu yawa, ɗan Damagaram ko na Maraɗi ko na Tawa da ke son karatu mai zurfi a cikin ƙasa ba ya da inda za shi sai Yamai, watau jami'ar da aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, ko kuwa Jami'ar Musulunci ta Say wadda ta buɗe a 1986. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce: a ratsa Tasawa da Maraɗi, a wuce Madawa da Ƙonni, a bi ta Dogon Dutsi da Doso, sa'an nan in an shiga birni a haye kogi zuwa Harobanda. A 2010 an kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, hanya ta rage tsawo ga mutane da yawa. Amma nisan da ke damun uba ba na kilomita ba ne. Mutumin da ya saba jin motsin ɗansa a zaure da asuba, yau ba ya da abin dogaro sai muryar da ke fitowa daga waya. Takardar sakamako da Faransanci aka rubuta ta, shi kuwa sau da yawa ba ya karanta ta. Kuma manya ba su manta da ranar 9 ga watan Fabrairu 1990 ba, ranar da ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy. Uwar da ta ji a rediyo an ce ɗalibai sun fito, ta kira wayar ɗanta ta ji ta a kashe, ba rashin yarda ne ke hana ta barci ba, tsoro ne.

Kuɗin da ake aikowa, bashi ne ko alheri?

Akwai wata mas'ala da ɗalibai da yawa ba su sani ba, alhali tana cikin littafin da ake karantawa a kowane zaure na ƙasar nan. A cikin Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana cewa ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, muddin ba ya da wata nakasa da ke hana shi nema, ƴa mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. A wannan wuri kuma ya nuna cewa ɗa mai hali shi ne ake ɗora wa ciyar da iyayensa matalauta. To, saurayi ɗan shekara 20, lafiyayye, wanda ubansa ya kai buhun wake kasuwa, ko uwarsa ta kwashi adashenta ta aika masa, ya sani cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ba bashi ake biyansa ba. Alheri ne tsantsa. Wanda ya fahimci wannan, sautin muryarsa a waya zai sauya, domin mai karɓar alheri ba ya yin fushi don an tambaye shi abin da ya yi da na jiya.

Bugu da ƙari, kuɗin da aka ba mutum aka ambata masa abin da zai yi da su, amana ne a hannunsa, matsayinsa matsayin wakili ne. Idan uba ya ce ga jikka 20 na rajista da takardu, ɗalibi ba ya da ikon juya su zuwa sabuwar waya ko shaddar Salla sai da izini, ko da yana da niyyar cikawa ranar da bursu ya fito. Mun san bursu yakan yi jinkiri, mun san yunwar ƙarshen wata a ɗakin ɗalibai. Amma wanda yunwa ta sa ya taɓa kuɗin rajista, abin da ya kamace shi shi ne ya faɗa a makon nan, da bakinsa, kafin wani ya faɗa.

Ɗalibi zai ce: to, yaushe za a daina lissafa mini kamar yaro? Alƙur'ani ya ba mu ma'auni a Suratun Nisa'i, aya ta 6. Ayar a kan marayu ta sauka, amma darasinta ya wuce su. Allah bai rataya miƙa wa maraya dukiyarsa ga balaga kaɗai ba, sai da Ya yi umurni a jarraba shi, a ga shiriya a tare da shi, watau abin da malamai ke kira rushdu. A wurin Imamu Malik, rushdu shi ne iya tsare dukiya da sarrafa ta yadda ya dace. Imamu Shafi'i ya ƙara da kyawun addini. Alƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa wasu malaman fiƙihu sun ce hanyar jarrabawar ita ce a danƙa wa yaro cefanen gida na wata guda, ko a ba shi ɗan abu kaɗan ya juya, a zuba ido a gani. Ashe ke nan kuɗin watan farko da aka aiko maka ba na abinci kaɗai ba ne, jarrabawa ce wadda ba a rubuta ta a allon sanarwa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya riƙe jikka 5 ya kawo bayaninta, shi ake ba 50 ba tare da dogon zance ba.

Muna shawartar kowane ɗalibi ya ware ƴan shafuka a bayan littafinsa, ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya kuma karanta wa mahaifinsa in ya zo hutu, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wani zai ga wannan ƙasƙanci ne. Ina ƙasƙanci a nan, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi tsakanin muminai? Da rubutu zargi ne, da Allah bai umurci salihan bayi da shi ba.

Abin da ya faru a gidan Annabi Yaƙubu (A.S.)

Ba mu san wani wuri da aka warware maganar amincewa tsakanin uba da manyan ƴaƴansa kamar Suratu Yusuf ba, don haka za mu ɗan daɗe a nan.

A aya ta 11, ƴan uwan Yusufu sun zo wa mahaifinsu da irin kukan da muka buɗe darasin nan da shi, suna tambayar dalilin da ya sa bai amince musu a kan ƙanensu ba. Ya gaya musu abin da yake tsoro, watau kada kerkeci ya cinye yaron suna can sun shagala. Suka ba shi baki, ya sakar musu. Da suka aikata abin da suka aikata, suka dawo da dare suna kuka, me suka kawo a matsayin uzuri? Kerkecin nan dai da uban ya ambata da bakinsa. Ba su ƙago wani sabon abu ba, tsoronsa suka ɗauka suka ɗinka masa riga da shi.

Mu dakata mu dubi kanmu. Karatun lisansi shekara 3 ne, zango 6, amma kowa ya san yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, yakan ja shekara ta shiga cikin wata. Uba ya ji wannan a rediyo, ya san gaskiya ne. To, sai yaro ya faɗi jarrabawa, a ce ya maimaita aji, shi kuwa ya kira gida ya ce ai shekarar ce ba ta ƙare ba saboda yaji. Uba ya yi salati, ya yi wa hukuma addu'ar shiriya, ya sake buɗe rumbu. Wannan shi ne kerkecin zamaninmu. Muninsa kuwa ya fi na ƙaryar da aka yi wa wanda zai iya bincike, domin an yi ta ne ga mutumin da ba ya iya karanta takardar, an mai da rashin bokonsa makami a kansa, alhali da guminsa aka sayi bokon.

Mu koma ga sura. Shekaru suka shuɗe, fari ya zo, suka tafi Masar awo, aka ce musu ba za a ƙara auna musu ba sai sun zo da ɗan uwansu. Suka dawo wurin uban da alkawarin tsarewa, irin na farko. A aya ta 64 sai ya tuna musu da amincewar da ya taɓa yi musu a kan Yusufu. Duk tsawon shekarun nan, miki bai warke ba. Amma a lura da abin da ya biyo baya. Sun buɗe kayansu, suka tarar an mayar musu da hajarsu, suka nuna masa abin da ke ciki. Bayan haka ne ya yarda ya sake shi, shi ma sai da ya karɓi alkawari mai nauyi da sunan Allah. Amincewa ta dawo, amma ta dawo da sharaɗi, kuma ba su ce an wulaƙanta su ba, suka ɗauki alkawarin.

Sai kuma wurin da ya fi kowane ciwo. Aka riƙe ƙanen a Masar bisa zargin sata. A wannan karo ba su da hannu, ba su yi ƙarya ba. Babbansu ma ya ƙi komowa gida don nauyin alkawarin da ya ɗauka. Sauran suka zo suka faɗi abin da idonsu ya gani, har suka ce a tambayi mutanen garin da ayarin da suka taho tare. Amsar da uban ya ba su a aya ta 83, da ita ya amsa musu a aya ta 18 ranar da suka kawo riga da jinin ƙarya: ya mai da al'amarin ga abin da zukatansu suka ƙulla, ya koma ga haƙuri. Sun yi gaskiya, an karɓe ta da amsar ƙarya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan shi ne hasarar da ɗalibi ba ya lissafawa ranar da ya ƙara jikka 3 a kan kuɗin kwafe takardu. Yana ganin ya ci riba. Bai san akwai ranar da zazzaɓi zai kwantar da shi da gaske, ko a sace masa kaya a tasha da gaske, ya kira gida yana neman agaji, a yi shiru a ɗaya gefen, sa'an nan a ce za a duba. Ranar nan zai yi kuka ya ce ba a ƙaunarsa. Ƙauna tana nan, Yaƙubu ma bai daina ƙaunar ƴaƴansa ba. Maganarsa ce ta zama kuɗin jabu tun da daɗewa.

Akwai kuma abin koyi a cikin kafa shaida da suka yi da gari da ayari. Mai gaskiya ba ya ƙin a san inda yake. Ɗalibin da ya gaya wa iyayensa sunan abokin ɗakinsa da garinsu, ya ba su lambar mai masaukinsa, ya faɗi masallacin da yake salla da malamin da yake ɗaukar karatu wurinsa, ya kuma je ya gai da ɗan garinsu da ya zo birni fatauci maimakon ya ɓuya masa, wannan ya rage wa uwarsa rabin tunaninta. Wanda kuwa ba a san fadar da yake shan shayi ba, ba a san wanda ke ɗauko shi a babur ba, kada ya yi mamaki in an cika gurbin da zato.

Labari marar daɗi, da wuri

A ganinmu, ba sakamako mai kyau ne ke gina amincewa ba, ko da yake yana faranta rai. Abin da ke gina ta shi ne uba ya taɓa jin labari marar daɗi daga bakin ɗansa, a lokacin da ɗan yake da ikon ɓoyewa. Daga ranar nan, duk labari mai daɗi da ya kawo ya zama abin gaskatawa.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ka'abu ɗan Malik (R.A.), wanda ya yi ta jinkirin shiri har rundunar Tabuka ta tafi ta bar shi, a shekara ta 9 bayan Hijira. Halinsa halin ɗalibi ne sak: yau zan fara, gobe zan fara, har lokaci ya ƙwace. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya dawo, mutum sama da 80 suka zo da uzurori da rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka bar sauran ga Allah. Ka'abu mutum ne mai fasahar harshe, ya san zai iya fita da magana, amma ya ce ba ya da wani uzuri. Gaskiyar ba ta yi masa sauƙi nan take ba. Shi da abokansa biyu aka ƙaurace musu dare 50, ba mai amsa musu magana a Madina. Sa'an nan Allah Ya saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba, aya ta 118, muna karanta ta har yau.

Saboda haka ba za mu yaudari ƴaƴanmu mu ce in sun faɗi gaskiya za a tafa musu ba. Mai yiwuwa ne uba ya yi faɗa, ya yi kwanaki ba ya ɗaga waya, mai yiwuwa ne a rage abin da ake aikowa. Wannan shi ne dare 50 naka, kuma yana ƙarewa. Ba a bukatar dogon jawabi. Ya isa ɗa ya ce: "Baba, ku gafarce ni. Jarrabawar bana ban ci ba, kuma ba laifin kowa ba ne, sakacina ne. Ga abin da ya rage mini, ga lokacin da za a sake." In da hali ya gaya wa mahaifiya tukuna, domin ita ta san lokacin da ake tunkarar maigida.

Wata ƙofa da amincewa ke zubewa ta cikinta ba ta da alaƙa da kuɗi, kuma ta fi shafar ɗalibanmu masu zuwa masallaci. Yaro ya yi wata tara a birni, ya ji wa'azi, ya karanta ƴan littattafai, ya dawo hutu ya fara da gyara wa mahaifinsa salla a gaban baƙi, ya ƙi cin abincin sadakar unguwa yana yatsina, ya kira abin da ya tarar da kakanninsa a kai da sunaye masu zafi. Ko da a ce yana da hujja a wata mas'ala, ya rasa ladabin isar da ita. Annabi Ibrahim (A.S.) da mai bautar gumaka yake magana a Suratu Maryam, amma sau huɗu a jere yana buɗe zance da kiran mahaifinsa cikin tausasawa, da aka yi masa barazanar jifa kuma ya amsa da sallama. Kai kuwa mahaifinka mai salla ne, shi ya kai ka makarantar allo. Uban da ya ga karatu ya mai da ɗansa alƙali a kansa, zai yi nauyin hannu ranar da aka zo maganar tura ƙanensa.

Wannan nauyi ya fi yawa a kan ƴan uwanmu mata. A garuruwa da yawa, yarinyar da ta tafi jami'a ita ce ta fari a zuriyarsu, kuma an sha gardama a tsakar gida kafin a bar ta. Idon dangi duka yana kanta, masu fatan alheri da masu jiran su ce ai mun faɗa. In ta tsare lokacin komawarta masauki, ta sanar da gida duk tafiyar da za ta yi, ta kai maganar duk mai nemanta gaban iyayenta tun da wuri, to ba kanta kaɗai ta yi wa aiki ba, ƙannenta mata da ƴaƴan maƙwabta ta buɗe wa hanya. Mun san ba adalci ba ne a auna yara goma da mutum ɗaya, amma haka mutane ke awo.

Iyaye su ma muna da ƴar magana da su, cikin girmamawa. Yaron da ya san in ya faɗi gaskiya za a tsine masa, ko a tara masa dangi a tozarta shi, an koya masa ƙarya ke nan ba da niyya ba. Baki abu ne mai nauyi, kada a ɗaga shi a kan jarrabawa. Faɗuwa a aji ɗaya ba lalacewa ba ce, akwai wanda rashin lafiya ko rashin wurin kwana ya kayar. Kuma Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, ba ta kuwa ware ƴaƴa ba. Wanda aka jarraba aka ga shiriyarsa, haƙƙinsa ne a sassauta masa igiya, kamar yadda ayar marayu ta ce a miƙa musu dukiyarsu ba tare da ja-in-ja ba.

Saura wanda ya riga ya yi nisa, wanda gida ke lissafin yana shekarar ƙarshe alhali yana ta farko, ko ya bar zuwa aji ma ɗungum yana zaune a birni don kunyar komawa. Mun san akwai su, wataƙila wani yana riƙe da wannan takarda yanzu. Kada ya jira ranar da za a ce a zo a ga takardar kammalawa. Ya nemi kawunsa ko baffansa, ko limamin unguwarsu, wanda mahaifinsa ke jin nauyinsa, ya fara zayyana masa komai ba ragi, da shekarun da kuɗin. Sa'an nan su tafi tare, ido da ido, ba ta waya ba. Ƴaƴan Yaƙubu, a aya ta 97, da asiri ya gama bayyana, ba su ƙara cewa a amince musu ba. Sun amsa laifinsu, suka roƙi mahaifinsu ya nema musu gafarar Allah, shi kuwa ya yi musu alkawarin zai nema. To, shi ma a wannan zama kada ya kawo uzuri, kada ya ambaci yajin aiki ko da an yi shi, kada kuma ya nemi ko dala. In lokacin damina ne, ya kwana, da safe ya ɗauki hauya ya bi su gona.